Hannun Mai Karkarwa da Hannun Mai Niyya

Abul Hasan al-Ash'ari, malamin tauhidin nan haifaffen Basra da ya rasu a Bagadaza wajen shekarar 936, ya kawo wani misali a littafinsa Al-Luma' wanda har yau bai tsufa ba. Ya nuna cewa kowa yana jin bambanci a jikinsa tsakanin karkarwar mai ciwo ko makyarkyatar mai zazzaɓi, da motsin mutumin da ya tashi ya tafi don ra'ayin kansa. Da wannan ya raba gari da 'yan Jabariyya masu cewa ɗan Adam tilasta shi ake yi a kan komai, kuma aƙidarsa ce ta iso zaurukan karatu na Kano da Katsina ta littattafan Shehu Sanusi. To, yanzu da likitoci suka feɗe jiki suka bi sawun motsi tun daga ƙwaƙwalwa har yatsa, akwai masu ganin misalin ya faɗi, wai duk motsi lantarki ne da sinadari. A ganina ilimin ya ƙara wa misalin ƙarfi ne, ko da yake ya tilasta mana sake duba inda alhaki yake zaune.

Bakinmu ya haɗa hanyar jini da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi da kuma zaren da ke kai saƙo, duk ya kira su jijiya; ta ukun nake nufi a nan. Idan mutum zai miƙa hannu ya gaisa, saƙo yakan taso daga saman ƙwaƙwalwa ya gangaro, ya tsallaka zuwa ɗaya ɓarin a gindin ƙwaƙwalwar kafin ya shiga laka. Wannan tsallakawa ce ta sa wanda jini ya toshe wa a dama yakan shanye a hagu. Daga laka wata jijiya takan karɓi saƙon, mafi saurin irin waɗannan jijiyoyi tana kai mita 120 a daƙiƙa, ta zuba sinadarin asetilkolin a bakin tsoka, sai zarurrukan aktin da mayosin su ja juna, tsokar ta tsuke. Haka tsokoki sama da 600 suke aiki. Abin lura shi ne wannan zangon na ƙarshe, daga laka zuwa tsoka, hanya ɗaya ce ga kowane motsi, kamar yadda Charles Sherrington na Ingila ya bayyana. Tsoka ba ta san wanda ya aiko ta ba. Mari da shafa kan maraya da karkarwa duk ta ƙofa guda suke fita.

Amma ba daga gida guda suke tasowa ba. Likita ya ɗan buga ƙasan ƙoƙon gwiwa da ƙaramar gudumarsa, ƙafa ta harba kafin mai ita ya ankara, domin saƙon a laka ya juyo, bai jira ƙwaƙwalwa ba. Karkarwar cutar da James Parkinson ya siffanta a 1817 kuwa tana biyo bayan mutuwar ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a can cikin ƙwaƙwalwa. Dattijo yana zaune, hannunsa a kan cinya yana rawa kamar mai jan carbi, shi ma kallonsa yake yi yadda muke kallo. A gefe guda, ga mace ta sauke tukunyar miya, tsumman ya zame, zafi ya ci yatsunta. Laka ta ba da umarnin saki, amma yaro na rarrafe a gindin murhu, sai ta cije ta kai tukunyar ƙasa. Akwai zarurrukan da ke saukowa daga sama suna danne umarnin laka, kuma ana iya nuna su. Bambancin da Ash'ari ya ce ana ji, yau ana ganinsa a shimfiɗar jijiyoyi.

Mai ja zai kawo gwajin Benjamin Libet na 1983 a San Francisco. An zaunar da mutane gaban wani agogo mai ɗigon haske da ke zagayawa, aka ce su motsa hannu duk lokacin da suka ga dama, su kuma faɗi inda ɗigon yake sa'ad da suka ji niyyar. Na'ura ta nuna ƙwaƙwalwa ta fara shiri kimanin rabin daƙiƙa kafin motsin, alhali mutum bai ji niyyarsa ba sai saura kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Sai aka ce ai niyya 'yar rakiya ce, an gama shawara kafin a sanar da ita. Wannan hujja tana da rauni ta fuska biyu. A 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa sun nuna cewa abin da aka ɗauka shiri ne yana iya zama hawa da saukar da ƙwaƙwalwa ke yi kullum, wanda motsi ke faɗowa a kansa idan babu dalilin zaɓar wani lokaci. Rauni na biyu ya fi girma, kuma ba ya bukatar na'ura: mutumin ya riga ya yarda ya zo, ya zauna, ya karɓi sharaɗin. Niyyar da ta yi aiki ita ce wannan. Ɗaga yatsa ba gaira ba dalili shi ne mafi ƙarancin abin da ake kira zaɓi, kuma babu alƙalin da ya taɓa ɗaure mutum a kansa.

Jayayyar da ta fi nauyi ita ce a ce: to, ita ma doguwar shawarar ai aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce, su kimanin biliyan 86, kowace tana bin sababinta. Haka ne. Sai dai alhaki bai taɓa bukatar aiki ya zama marar sababi ba. Su kansu Ash'arawa cewa suka yi Allah ne ke halittar aikin, bawa kuma yana da kasabi, wato ɗaukar aikin ya zama nasa. Abin da alhaki ke bukata shi ne motsin ya zama mai jin magana. Ka yi wa mai karkarwa alkawarin dukiya ko barazanar bulala, cutarsa ba za ta saurare ka ba. Ka raɗa wa ɗan sane cewa ana kallonsa, nan take hannunsa zai dawo daga aljihun mutane. Wa'azi da shari'a da tarbiyya duk suna magana ne da irin hannu na biyu, shi ya sa fikihu bai ɗora wa mai barci da mahaukaci laifi ba. Na yarda wannan bai warware asirin ƙaddara ba, kuma tun da can masu sukar Ash'ari sun ce kasabi kalma ce mai wuyar kamawa.

Inda ilimin jijiya ya gyara mana zama shi ne tsakiyar da misalin Ash'ari bai taɓo ba. Direban da ya taka birki kafin ya yi tunani, hannun mahaddacin da ke rubuta allo yana hira, duk motsi ne da aka fara da niyya, maimaici ya miƙa shi ga sassan ƙwaƙwalwa masu aiki ba da sanin mutum ba. A nan alhakin yana can baya, a shekarun koyo. Haka ma wanda tiramadol ya kama: ƙwayar farko hannun mai niyya ne ya kai ta baki, ta ɗari biyar kuwa hannun ya soma kusantar na mai karkarwa, ko da yake bai kai ba, tunda har yanzu yakan ɓoye ta idan ya ji takun mahaifinsa.