Takardar Gona a Cikin Tukunya

Karatu: Irmiya 32:6-27; Irmiya 45:1-5

Wane buri ne ka daina ambata a cikin addu'arka? Wataƙila difloma ce ka fara a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, kuɗin makaranta ya gagara. Wataƙila gona ce a bayan Jangeru ko a ƙasar Zurmi, damina ta zo ta wuce ba ka taka ta ba. Ke kuma 'yar'uwa, mai yiwuwa shagon ɗinki ne kika daɗe kina tara masa jari, aka kwashe jarin wajen fansar wani naku daga hannun 'yan bindiga.

Wannan gajiya tana da dalili. A watannin Agusta da Satumba na 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar Zamfara, har da ta Shinkafi mai ci ran Alhamis, aka katse layukan waya, aka rufe makarantu. An buɗe su daga baya, amma har yanzu mai hawa mota daga Ƙaura zuwa Shinkafi yakan yi sallama da iyalinsa da nauyin zuciya. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ta gaskiya ce: mutumin da bai san yadda mako mai zuwa zai same shi ba, in ya ci gaba da riƙe burinsa, bangaskiya ce ko ruɗin kai?

Annabi Irmiya ya san irin wannan zama. A shekara ta 10 ta sarautar Zadakiya, sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila suka kewaye Urushalima. Irmiya kansa yana tsare a filin matsara na gidan sarki, domin ya faɗi cewa birnin zai faɗi. Ana cikin haka sai ga Hanamel, ɗan baffansa Shallum, ya zo masa da tallar gona a Anatot, garinsu a ƙasar Biliyaminu. Gona ce a bayan ganuwa, a yankin da abokan gaba suka mamaye. Ko a kasuwar Shinkafi aka kawo maka irin wannan tayi, kan ka buɗe baki abokai sun ja hannunka.

Amma Ubangiji ya riga ya gaya wa Irmiya cewa Hanamel yana zuwa. Sai ya auna shekel 17 na azurfa ya biya. Ya sa hannu a takarda, ya kira shaidu, aka yi takarda biyu, ɗaya a liƙe da hatimi, ɗaya a buɗe. Ya miƙa su ga magatakardansa Baruk ɗan Neriya, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe ba su lalace ba, gama Allah ya ce za a sake cinikin gidaje da gonaki a ƙasar.

Lura da abin da ya biyo baya. Da aka gama ciniki, Irmiya ya koma gaban Allah da tambaya. Ya yabi ikonsa, ya tuna da fitowar Isra'ila daga Masar, sa'an nan ya faɗi abin da ke cin ransa: ga mahaurai an gina jikin ganuwa, ga yunwa da annoba, kai kuwa ka ce in sayi gona. Annabi ne, ya ji muryar Allah, ya yi biyayya, duk da haka gwiwarsa ta yi sanyi. Allah bai tsauta masa ba. Ya tuna masa cewa shi ne Allahn dukan masu rai, ba kuwa abin da ya fi ƙarfinsa. In har Irmiya ya kai karayar zuciyarsa gaban kursiyi, kai ma kada ka ɓoye taka a bayan murmushin ranar Lahadi. Faɗa wa Ubangiji yadda take. Shaiɗan yana son ciwon da aka rufe.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba a lokacin shaida. Littafi Mai Tsarki bai nuna mana Irmiya yana noma gonar nan ba ko sau ɗaya. Da sojojin Babila suka ja da baya na ɗan lokaci, ya tashi zai tafi ƙasar Biliyaminu, aka kama shi a ƙofar gari, aka ce gudu zai yi wurin abokan gaba. Bayan faɗuwar birnin, mutanensa suka tafi da shi Masar ba da son ransa ba. To, ya yi hasarar azurfarsa ke nan? Buɗe Ezra 2:23. Cikin jerin waɗanda suka dawo daga bauta akwai mutanen Anatot, su 128. An sake hura wuta a garin, an sake kama fartanya. Maganar Allah ta cika, ko da yake ba a idon wanda ya biya kuɗin ba.

Yanzu dubi Baruk, mai ajiyar takardar. Kimanin shekara 17 kafin wannan ciniki, a shekara ta 4 ta sarki Yehoyakim, Baruk ya yi kuka cewa ya gaji da nishi, bai sami hutu ba. Amsar da Allah ya aiko masa tana da ɗaci: kada ya nemi wa kansa manyan abubuwa, gama masifa tana zuwa a kan ƙasar duka, amma za a bar masa ransa duk inda ya tafi. Allah ɗaya ne ya ce wa Irmiya ya saya, ya ce wa Baruk ya sassauta. Wanda aka hana neman girma kuma, shi aka danƙa wa takardar bege.

A nan amsar tambayarmu take. Riƙe buri yakan zama ruɗin kai idan ka ɗora wa Allah alkawarin da bai yi maka ba, ka yanka masa rana, ka ce in bai yi bana ba ya yashe ka. Yawancin karayar zuciyarmu daga nan take fitowa. An yi maka addu'ar buɗi a daren shiga sabuwar shekara, ka ce Amin da ƙarfi, ga Disamba ta sake zagayowa. Ka duba Facebook ka ga abokin karatunka a Abuja da sabuwar mota, sai ka ji kamar kai kaɗai aka manta. Zauna da Ruhu Mai Tsarki, da azumi in ya kama, ka tace burin nan. Wane kashi ne na son a gan ka? Wane kashi ne baiwar da Allah ya sa a hannunka don iyalinka, ikilisiya da maƙwabta su amfana? Na farkon, sake shi kamar yadda aka ce wa Baruk. Za ka ji nauyi ya ragu. Na biyun, sa shi cikin tukunya.

Manomin ƙasar nan ya san ma'anar tukunya. Komai tsananin bazara, akwai damin gero da ba a sussukawa, domin iri ne. Wanda ya ci irinsa ya ƙoshi kwana biyu, ranar da ruwa ya sauka kuma ya tsaya kallon masu shuka. Burinka ma yana da iri. In karatu ne ya tsaya, adana takardunka a wuri mai kyau, ka riƙa buɗe littafi kullum ko da shafi biyu ne. In shago ne, kada hannunki ya manta almakashi, yi ɗinki a zaure ko a keken aro, ki shiga adashi ko da kuɗin kaɗan ne. In gona ce ta gagara, nemi ɗan fili kusa da gari, ko ka koya wa ɗanka yadda ake zaɓen iri. Irmiya yana tsare, amma bai yi cinikin a gaggauce ba. Ya auna kuɗi daidai, ya kira shaidu, ya yi takarda biyu. Aikin da aka yi da tsari a ranar duhu, shi ma sujada ne.

Kada kuma wani ya sa ka ɗauki ganganci a matsayin bangaskiya. Irmiya bai keta sansanin Kaldiyawa don ya ga gonarsa ba. Ubangiji Yesu da kansa ya ba almajiransa izinin barin gari zuwa wani in an tsananta musu (Matiyu 10:23). In hali ya sa ka koma Gusau ko Zariya na ɗan lokaci, ba ka ja da baya ga Allah ba. Tukunya ana ɗaukarta a tafi da ita.

Abu na ƙarshe, Irmiya bai riƙe takardar shi kaɗai ba, ya ba Baruk. Nemi mutum ɗaya cikin ikilisiya, fasto ko dattijo ko wata uwa a zumuntar mata, ka gaya masa burin da ka binne. Ranar da ka ce ka haƙura, shi zai tuna maka da abin da ke cikin tukunya. Kai ma ka zama Baruk ga wani.

Ba zan ce maka gobe hanya za ta buɗe ba, gama lokatai suna hannun Uba. Mai yiwuwa ka girbi abin da ka shuka da hannunka. Mai yiwuwa 'ya'yanka ne za su girba, kamar mutanen Anatot. Abin da na tabbata shi ne, Allahn da ya ta da Yesu daga matattu a rana ta uku bai taɓa ɓatar da abin da aka ba shi ajiya ba.

Addu'a: Ya Uba, ka san inda gwiwata ta yi sanyi. Ka raba ni da burin da na girman kai ne, ka ƙarfafa hannuna a kan wanda kai ka shuka a cikina. Ka nuna mini ɗan aikin da zan yi yau. Ka kawo salama a Jangeru, Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda, har manomi ya koma gonarsa ba fargaba. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.