Dalma a Kan Sikeli: Haƙƙin Wanda Ba Ya Wurin Ciniki

Garin Matamaye, hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, yana bisa hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Ɗan Barto, ta ƙetare iyaka a Kwangwalam, ta ratsa Daura ta sauka Kano. Hanya irin wannan ba ta rabuwa da manyan motoci, kuma inda duk mota ta yawaita, nan ake samun masu faci da makanikai, nan kuma 'yan gwangwan ke kafa sikelinsu. Daga cikin abin da ake ɗorawa a kan sikelin nan akwai dalma: ta cikin mataccen batirin mota, da 'yan ƙananan guntayen da ake maƙalawa a bakin ƙarfen da taya ke zaune a kai domin juyinta ya daidaita. A tsince su, a narka, a zuba su zama curi, a sayar wa dillali, shi kuma ya tura gaba.

Ga ido dai sana'a ce wadda babu abin zargi a cikinta. Mai yin ta bai yi sata ba, bai yi roƙo ba, abin da aka yar ya mayar dukiya. Hausawa ma sun ce babu maraya sai raggo. Dalma kuwa tsohuwar sananniya ce, tun da da ita masunta ke nauyaya bakin birgi. Bugu da ƙari, duniya na bukatarta, domin mafi yawan dalmar da ake amfani da ita a yau cikin batura take ƙarewa, kuma sake narka tsohuwa ya fi haƙo sabuwa sauƙi.

Sauƙin nan shi ne tushen matsalar. Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,500, amma dalma a digiri 327 take zama ruwa. Ke nan gawayi da tsohuwar tukunya sun isa, ko a bayan gareji ko a tsakar gida. Hayaƙin da ke tashi da ƙurar da ke sauka ba su ruɓewa, suna nan cikin ƙasa shekara da shekaru, a daidai wurin da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na dalma a cikin jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana shan ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke sha. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana kuma taruwa a cikin ƙashi, ta fito lokacin da mace ke da ciki ta isa ga ɗan tayi.

An ga ƙarshen wannan hanya a Senegal. A unguwar Ngagne Diaw da ke Thiaroye-sur-Mer, a gefen Dakar, an daɗe ana fasa tsofaffin batura. Da farashin dalma ya tashi, sai mutane, galibi mata, suka shiga kwasar ƙasar wurin suna kaiwa gida suna tankaɗewa don su tsamo guntaye su sayar. Daga Nuwamba 2007 zuwa Maris 2008 yara 18 suka rasu. A ƙasar Hausa kuwa, abin da ya faru a Zamfara cikin 2010 ya fi wannan muni, ko da yake can dalmar daga dutsen zinariya ta fito. A ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma an riƙa niƙa dutsen a cikin gidaje, yara aƙalla 400 suka mutu. A wuraren biyu, iyaye ne masu neman abin sawa a bakin salati suka shigo da ajalin 'ya'yansu, ba su sani ba.

To, a wuyan wa alhakin yake? Yaron da ya tsinto zai ce shi tsintuwa ya yi. Mai narkawa zai ce jikinsa ne, shi ya ga zai iya. Dillali zai ce ya auna, ya biya, bai rage ko giram ba. Mai masana'anta a can nesa zai ce shi curi ya saya, bai taɓa ganin murhun da aka narka shi ba. Kowannensu ya faɗi gaskiya, amma in aka harhaɗa gaskiyar tasu sai a tarar an yi ɓarna ba mai ita.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun shimfiɗa cewa ciniki yana tsayuwa ne a kan yardar mai saye da mai sayarwa, kuma littattafai irin su Risala ta Ibnu Abi Zaid sun haramta ɓoye aibin haja. Suratul Muɗaffifina kuma ta yi kashedi mai tsanani ga masu tauye mudu. Cinikin dalma ya zo da wani salo na tauyewa wanda sikeli ba ya nunawa. Kilo ya cika, kuɗi sun cika, amma wani kaso na tsadar hajar ba mai saye ne ya biya shi ba. Jaririn maƙwabta ne ya biya da basirarsa, alhali ba a nemi yardarsa ba, bai kuma karɓi ko dala ba. Yardar mutum biyu ba ta halatta cutar da na uku.

Daga nan za a gane cewa alhakin ba daidai wa daida yake rabuwa ba. Gwargwadon sani da gwargwadon riba yake bi. Almajirin da ke yawo da buhu shi ne mafi ƙarancin sani, shi ne kuma mafi ƙarancin samu, saboda haka nauyinsa kaɗan ne. Duk sa'ad da hajar ta matsa gaba, sani na ƙaruwa, riba na ƙaruwa, haɗari kuwa na raguwa. Waɗanda ke can ƙarshen layin sun daɗe da sanin ko mece ce dalma. Tarayyar Turai ta hana maƙala ta a ƙafafun ƙananan motoci tun 2005, aka koma ga tutiya da ƙarfe, amma tsofaffin motocin da aka yi shekaru ana saukewa a Kwatano ana haurowa da su Nijar sun zo da tasu. Ƙasashen Afirka su ma sun sani, tun da sun ƙulla Yarjejeniyar Bamako kan shara mai guba a 1991, kuma daga 2006 aka daina sayar da fetur mai dalma a kudu da Sahara. Wanda ya kare gidansa daga abu, sa'an nan ya saye shi da araha daga gidan wani bai tambayi yadda aka yi shi ba, rashin saninsa na ganganci ne, kuma irin wannan ba ya zama uzuri.

Akwai mai cewa talaka ba ya zaɓen sana'a, kuma yunwar yau ta fi ciwon shekara goma kusa. Maganar tana da nauyi. Hana sana'ar baki ɗaya ba zai kashe ta ba, zai dai kore ta daga bakin titi zuwa cikin ɗakuna, inda ta fi kisa. Amma tsakanin hanawa da sakaci akwai fili. Ana iya tarawa a sayar ba tare da an narka ba. Ana iya barin batiri a rufe har ya isa wurin da aka tanada domin fasa shi. Ana iya fitar da murhu daga cikin unguwa, a raba yara da aikin, a bar tufafin aiki a wurin aiki, kada kuma tukunyar narki ta koma madafa. Abin da wannan zai rage daga riba shi ne ainihin kason da dā ake ɗora wa wanda ba ya wurin.

Malamin makaranta yana cikin wannan lissafi, domin a gabansa sakamakon ke zama. Yaron da dalma ta taɓa ba lalle ya kwanta ciwo ba. Sai dai a ga karatu ba ya zama a kansa, a kira shi daƙiƙi, wani lokaci har a kai masa bulala a kan laifin da ba nasa ba. Malamin da ya san haka, da ƙungiyar da ke da bakin magana a gaban mai unguwa da liman da sarkin maƙera, sun fita daga sahun marasa sani. Tun da alhaki sani yake bi, su ma wani kaso ya hau kansu daga ranar da suka ji.