Kyan Ɗan Maciji

Daga kan gadar Malanville zuwa Gaya za ka hangi wata ciyawa mai kama da kainuwa tana yawo bisa Kogin Kwara, furenta shuɗi-shuɗi gwanin sha'awa. Masunta ba sa murna da ita: tana sarƙe taru, ta tare kwalekwale, ta shaƙe kifi. Daga Kudancin Amurka aka yaɗa ta duniya, don ado.

Can ƙarƙashin teku kuwa akwai kokwambar teku, dabba mummuna marar ido. Aikinta haɗiyar yashi, ta cinye dattin ciki, ta mayar da shi tsaf.

Laifin furen ne? A'a, na idon da ya zaɓo shi ne. Da wannan idon muke zaɓen suruki, da shugaba.