Ɗana, Ka Bi Maganin Ciwon Jikin Nan a Sannu

Ɗana, na san ba ganganci ne ya sa ka riƙe maganin ciwon jikin nan ba. Mutumin da gwiwa ta hana shi yin sujada yadda yake so, ko bayansa ya riƙe har sunkuyawa ya ɗauki buta ta zama aiki, idan likita ya rubuta masa diklofenak, ya sha da hantsi, kafin la'asar ya ji jikinsa ya sake, dole ne ya riƙe wannan ƙwaya hannu bibbiyu. Magani ne na ƙwarai, tun 1973 ake amfani da shi da sunan Voltaren, kuma ya share wa mutane da yawa hawaye. Ba cewa nake ka guje shi ba. So nake ka san cewa aikinsa ba a gwiwa kaɗai yake tsayawa ba.

Akwai wani sinadari da jiki ke samarwa, shi ke kawo zugi da kumburi a wurin da ya ji rauni, kuma maganin nan hana jiki samar da shi yake yi. To amma Allah cikin hikimarSa, da wannan sinadarin ne tumbi ke yin majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, da shi ne kuma jini ke samun wucewa sosai ta cikin ƙoda. Ka ga ke nan duk ranar da ka haɗiyi ƙwayar, ka rage wa gwiwa zafi, ka kuma rage wa ciki da ƙoda kariyarsu. Kwana biyar ko bakwai da likita ya ƙayyade, mai lafiya yakan ɗauke su. Wata uku a jere, kullum safe da dare, wani lissafi ne dabam. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gyambon cikin da irin wannan magani ke haifarwa sau da yawa ba ya sallama. Mutum yana harkokinsa ba ciwon ciki ba komai, sai kawai jini ya ɓalle. Cin abinci kafin a sha yana rage ƙwarnafi, ka riƙa yi, amma kada ka ɗauka ya raba ka da haɗarin, domin ta jini maganin ke kaiwa ga tumbi. Saboda haka ne ma allurarsa, wadda mutanenmu ke ganin ta fi, ba ta ƙyale ciki ba.

A Indiya, ungulaye sun yi ta mutuwa har suka kusa ƙarewa, aka bincika aka gano mushen shanun da aka yi wa allurar diklofenak suke ci, ƙodarsu ta lalace, sai da aka hana ba dabbobi shi a 2006. Mutum ba ungulu ba ne, amma ƙodarsa ma tana jin jiki, musamman idan ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa. Ka tuna da wannan a zafin bazara, da lokacin gudawa ko amai, da watan azumi, inda wani zai haɗiye ƙwaya biyu da sahur ya wuni a rana ba ɗigon ruwa. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda, ya ga yadda ake sayar da gona da fili don biyan kuɗin kowane mako, ba zai yi wasa da wannan magana ba.

Sai ka kula da haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙulle wa mutum a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna ba kwali. Sau da yawa dangi ɗaya ne aka tara a ciki. Cataflam diklofenak ne, Brufen ibufurofen ne, Feldene firoksikam ne, dukkansu hanya ɗaya suke bi, haɗa biyu ba ya ƙara sauƙi sosai, illa ce yake ninkawa. Babba mai ƙoshin lafiya ma ba a so ya wuce miligiram 150 na diklofenak a yini, kuma mafi alheri shi ne mafi ƙarancin da zai kwantar da ciwon, na ɗan lokaci.

Na san halinka na tausayi, ka ga tsohuwarka tana dafa bango kafin ta miƙe, ka ce, "Inna, ga wanda likita ya ba ni, yana da kyau." Don Allah ka danne wannan tausayin, ka kai ta a duba ta. Likita kai ya auna, bai auna Inna ba, wadda wataƙila tana kan maganin hawan jini da na fitsari, ko asfirin, ko tana da ciwon suga da ya riga ya taɓa ƙoda. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba da diklofenak ga masu ciwon zuciya da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. A 2020 takwararta ta Amurka ta gargaɗi masu juna biyu su nisanci wannan dangin magani daga mako na 20, sai da umarnin likita, don yana taɓa ƙodar jariri ya rage ruwan mahaifa. Mai asma ma, maganin yana iya tayar masa da ita. Su irin waɗannan, farasitamol ko na shafawa ya fi musu sauƙin haɗari, shi ma a tambaya tukuna.

Kai kuma idan kwanakin da aka rubuta maka sun cika ciwo bai tafi ba, kada ka ɗauki tsohuwar takarda ka nufi kemis, ka koma wurin wanda ya rubuta, ka faɗa masa duk abin da kake sha, har na gargajiya. In kuwa ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ka yi amai da jini, ko ƙafafu sun kumbura fitsari ya ragu, ko ƙirji ya riƙe, ka dakatar da maganin, ka tafi asibiti a ranar, kada ka bari sai gobe, kuma ka tafi da kwalin a hannunka.