A Kan Wa Ake Koyon Aski?

Larabawa suna cewa a kan maraya ake koyon aski. Wannan magana ce takan faɗo mana a rai duk lokacin da muka ji ɗaliban likitanci, na gida ko na ƙasashen waje, sun ɗauki akwatin magani sun nufi karkara aikin sa-kai.

Ba mu musun alherin da ke ciki. Idan damina ta kankama a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, ga rumbu ya yi ƙasa, uwar da ta ga mai farar riga ba za ta tsaya tambayarsa aji nawa yake ba. Ita dai da babu gara ba daɗi. To, a nan gizo yake saƙa, domin wanda ba shi da zaɓi, "to" ɗinsa ba lallai yarda ba ce.

Mu a Arewa mun san illar wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Waɗancan ba ɗalibai ba ne, kuma ba mu haɗa su da yaron da ya zo da kyakkyawar niyya. Amma ƙofar da aka bi ɗaya ce: ciwo ya matsa, talaka ya miƙa ɗansa ba tambaya.

Saboda haka ma'auninmu ga ɗalibi ɗaya ne. Abin da malamansa ba za su bar shi ya yi shi kaɗai a asibitin koyarwa na Zariya, ko Alƙahira, ko Landan ba, kada ya yi shi a Kurfi don ya ga ba mai dubawa. Ya faɗa wa majinyaci da Hausa cewa shi ɗalibi ne. Ya auna zafin jiki, ya wanke miki, ya koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari, amma wuƙa da zaren ɗinki ya bar wa gwani. Ya kuma saurari malamin asibiti da ungozoma, domin baƙo raɓa ne. Su za a bari da mai hawan jini ranar da ƙwayoyin kyauta suka ƙare.

Mai karatu, tsakanin ɗalibi da majinyaci, wa ya taimaki wa? Ɗalibi ya ba da mako biyu, ya tafi da ilimin da zai ci abinci da shi har tsufa. Majinyaci kuwa jikinsa ya bayar aka yi karatu a kai. Wanda ya gane haka ba zai koma gida yana jiran godiya ba, zai koma ne da sanin akwai bashi a wuyansa.

Allah Ya ba mu likitocin da za su dawo su biya.