Dashen da ke Cikin Tukunya

Karatu: Irmiya 17:5-8

A ƙasashen Turai wasu iyalai kan sayi itacen Kirsimeti mai rai a cikin tukunya, in biki ya wuce su dasa shi a bayan gida. Mu nan Kurmin Kogi ba mu da irin itacensu, sai na roba da ake sayowa a Sabon Garin Zariya. Amma in ka samo dashen mangwaro mai aure, ka sa shi a tukunya da ledarsa, yara suka rataya masa balan-balan, ka yi abin da ya fi na roba nesa ba kusa ba. Sai dai ka ɗauko wa kanka aiki.

Disamba ba lokacin dashe ba ne. Hunturu na busar da ganye, bayansa ga zafin Maris da Afrilu. Kada ya daɗe a ɗaki, fitar da shi inda ranar safe za ta taɓa shi. Ka ba shi ruwa da yamma, ka huda gindin tukunyar, domin ruwan da ya kwanta yakan ruɓar da saiwa. Akuya kuwa, ka san halinta. Haka za ka yi ta hidima wajen wata shida, sai ruwa ya zauna a Yuni ko Yuli.

To, ka tuna waɗanda suka fito gaba a sujadar daren 31 ga Disamba suka ba da ransu ga Yesu? Dashe ne a tukunya. Suna da rai, amma ruwansu yana hannun wani. Mun iya tafi da Halleluya a daren nan. Zuwa Maris, sa'ad da kowa ya duƙufa a fadamar tumatir, wa ke leƙa su? Yawancin waɗanda suka koma baya ba tsanani ya kore su ba, mai ban ruwa suka rasa.

Duk da haka tukunya ba gida ba ce. Dashen da ya daɗe a ciki, saiwarsa takan nannaɗe ta shaƙe kanta. Akwai mai bi na shekara goma wanda har yau bai iya durƙusawa shi kaɗai ba, sai fasto ya ɗora masa hannu. Itacen da annabi Irmiya ya kwatanta mai dogara ga Ubangiji da shi, da kansa yake neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa fari ba ya hana shi 'ya'ya. Ɗan'uwa, wa ke ɗauko maka ruwa har yanzu?

In damina ta kankama, haƙa rami zurfin gwiwa, cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, yanke ledar a hankali kada ƙasar saiwa ta watse. Wurin auren ya tsaya sama da ƙasa. Kewaye shi da ƙaya. Zai yi yaushi na 'yan kwanaki, kada ka tsorata. Sabon mai bi ma muryarsa takan yi rawa ranar da aka fara ce masa ya buɗe sujada da addu'a. Kada ka karɓe masa, bar shi ya kai Amin.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna mini da sunan mutum ɗaya da ya fito gaba a daren sabuwar shekara. Ruhu Mai Tsarki, ka kai ƙafata ƙofar gidansa kafin Lahadi. A cikin sunan Yesu, Amin.