Wa Muke Nuna Wa?

Tun da aka kafa Sabo a Ibadan a 1916 muke aika labarinmu Arewa. A da direban motar goro ake ba sallahu, daga baya aka koma cika kaset da gaisuwa. Yau kuwa, ranar Juma'a sai mu sha shadda, mu jingina da motar wani, mu ɗora a TikTok.

Ba mu ce duka riya ce ba. Zaman baƙunta akwai kewa, kuma tsohuwa a Katsina idan ta ga ɗanta yana dariya a waya, hankalinta kan kwanta. Wannan kam zumunci ne.

To amma kaset uwa kaɗai ake yi wa, bidiyo kuwa kowa na kallo. Ɗakin da muke kwana mu shida ba ya fitowa, balle ranar da kasuwa ta ƙi. Sai ƙanenmu ya gani, ya jefar da fartanya ana tsakiyar damina, ya hau tirela. Ranar da ya sauka Mokola da 'yar jakarsa yana tambaya, "Yaya, ina motar taka?", wallahi kunya ke rufe mu, don mun san wanda ya kirawo shi.